Sarkin da aka tono a wurin ajiye motoci: Me ƙasusuwan Richard na Uku suka nuna kan gadon sarautar Ingila?

A watan Agustan 2012, masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Leicester suka fasa kwaltar wani wurin ajiye motoci a tsakiyar birnin, suka ci karo da kwarangwal mai karkataccen ƙashin baya da raunuka 11, tara daga ciki a kai. Ranar 4 ga Fabrairun 2013 jami'ar ta sanar da cewa na Richard na Uku ne, sarkin Ingila na ƙarshe da ya mutu a fagen fama.

An kashe Richard yana da shekara 32 a Yaƙin Bosworth, ranar 22 ga Agustan 1485, inda Henry Tudor ya yi galaba ya zama Henry na Bakwai. Aka binne shi cikin gaggawa a majami'ar Greyfriars. Bayan an rushe ta a zamanin Henry na Takwas, kabarin ya ɓace fiye da shekara 400.

Yadda aka tabbatar

Tawagar Dakta Turi King ta gwada ƙwayoyin halittar da ake gada ta wajen uwa da na mutum biyu da suka fito daga tsatson Anne, yayar Richard, kuma suka dace. Da aka haɗa wannan da shekarun mamacin da raunukansa da inda aka same shi, rahoton Disambar 2014 ya ce tabbacin ya kai kashi 99.999 cikin ɗari.

Inda gizo ke saƙa

Gwajin ɓangaren uba ne ya tayar da ƙura. Richard ya fito daga zuriyar Sarki Edward na Uku ta hanyar ɗansa Edmund. Gidan Beaufort kuwa ya fito ta wani ɗan nasa, John na Gaunt. Don haka ya kamata ƙwayar halittar da ɗa namiji ke gada daga mahaifinsa ta zama iri ɗaya a gidajen biyu. Aka gwada maza biyar daga zuriyar Beaufort, ba ko ɗaya da ya dace da Richard.

Ma'anar hakan ita ce, a wani wuri cikin matakai 19 na salsalar, akwai ɗan da ba mijin uwarsa ne ya haife shi ba. Gwajin bai nuna a wane mataki ba ne. Idan a kan John na Gaunt ne, to haƙƙin jini na Henry na Huɗu da na Biyar da na Shida ya shiga shakku, haka ma na gidan Tudor, domin ta wannan tsatson mahaifiyar Henry na Bakwai ta fito. Sai dai yawancin matakan sun zo ne bayan wannan zamani, a rassan da ba su taɓa hawa karaga ba.

Abin lura shi ne da irin wannan zargi Richard kansa ya hau mulki a 1483, lokacin da aka ayyana auren yayansa Edward na Huɗu a matsayin ɓatacce, 'ya'yansa kuma ba magada ba. Yaran maza biyu sun ɓace a Hasumiyar Landan, har yau ana taƙaddama kan makomarsu.

Shin ya shafi Sarki Charles?

A'a. Henry na Bakwai da takobi ya karɓi mulki, majalisa ta amince, sannan ya auri Elizabeth, 'yar Edward na Huɗu. Gidan sarautar yanzu kuma ya dogara ne da dokar 1701, wadda ta keɓe gadon ga zuriyar Sophia ta Hanover mabiya ɗarikar Furotesta. Dokar Ingila ta daɗe tana ɗaukar ɗan da aka haifa cikin aure a matsayin ɗan mijin, kuma naɗin da aka yi ƙarnoni da suka wuce ba ya warwarewa da gwajin jini.

Ko wurin binne shi sai da aka je gaban alƙali. Wasu da ke danganta kansu da danginsa sun so a kai shi York, amma a Mayun 2014 Babbar Kotu ta bar wa Leicester. Ranar 26 ga Maris 2015 aka sake binne shi a babbar majami'ar birnin, cikin akwatin da wani kafinta haifaffen Kanada ya ƙera, ɗaya daga mutum biyun da jininsu ya tabbatar da ko wane ne shi.