Mutum-mutumi Mai Aron Ƙwaƙwalwa: Riba Da Haɗarin Ajiye Ilmi A Nesa

Masana'antun da ke amfani da mutum-mutumi sun daɗe da gane cewa ba ƙarfe da injin kaɗai ke cin kuɗi ba, har da koyarwa. Kowace na'ura sai an sanar da ita taswirar wurin aikinta, da siffar kayan da za ta ɗauka, da matakan aikin ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ya haifar da dabarar tara ilmin a babbar kwamfuta guda, wadda na'urori da dama za su riƙa tuntuɓa daga nesa.

Turai ce ta yi fice a wannan fage. A shekarar 2009 Moritz Tenorth da Michael Beetz na Jami'ar Fasaha ta Munik da ke Jamus suka gabatar da KnowRob, rumbun ilmin da mutum-mutumi zai yi wa tambaya, misali inda aka saba ajiye kofi a ɗakin girki, ya kuma sami amsa. Shirin RoboEarth, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa, ya ɗora a kan haka, inda a watan Janairun 2014 aka nuna na'urori huɗu a birnin Eindhoven na ƙasar Holan suna aiki tare a wani ɗaki mai kama da na asibiti, kowace tana amfana da abin da 'yar'uwarta ta gano.

Lissafin a fili yake. Kuɗin koyarwa sau ɗaya ake biyansa, komai yawan na'urorin, kuma kowace ba ta buƙatar kwamfuta mai tsada a cikinta. Sai dai aikin gaggawa, kamar tsayawa cak idan ma'aikaci ya gifta, tilas ya zauna a jikin na'urar, domin layin sadarwa kan yi jinkiri, wani lokaci ma ya katse.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen buɗe ƙofar. Tsarin ROS na farko, wanda yawancin waɗannan ayyuka suka dogara da shi, an gina shi ne domin ɗakin bincike, ba ya tambayar mai shigowa ko shi wane ne. A 2018 masu bincike na Jami'ar Brown a Amurka suka laluba intanet, suka tarar da irin wannan tsari fiye da 100 a buɗe, har suka sarrafa wani mutum-mutumi na Jami'ar Washington daga nesa da izinin masu shi. Kamfanin da ya ƙi kashe kuɗi a kan keɓantacciyar hanya da kalmar sirri, to taswirar masana'antarsa ya shanya a bainar jama'a.

Har ila yau akwai batun haya. Wanda ya ajiye ilminsa a kwamfutar wani, ɗan haya ne, kuma mai gida na iya rufe gidan. Kamfanin Amazon ya buɗe hidimar RoboMaker domin masu ƙera manhajar mutum-mutumi a 2018, ya kuma dakatar da ita a watan Satumban 2025, abin da ya tilasta wa abokan cinikinsa kwashe kayansu zuwa wani wuri.