Funfuna da Dogaran Jiki

Duk manomin albasa na Kashin Zama da Aliero ya san funfuna. Idan albasa ta daɗe a ajiye, ga zafi ga laima, sai mu ga wani baƙin gari a ƙarƙashin ɓawonta. Haka kuma mukan ga funfuna a hatsin da aka zuba a rumbu bai bushe ba, da a juji, da a ruɓaɓɓiyar ciyawa. Wannan gari iri ne, kamar irin shuka, amma ya fi ƙura ƙanƙanta. Iska tana ɗauke da shi, kullum kuwa muna shaƙarsa.

To, me ya sa ba dukanmu mu ke kwanciya ba? Dalili na fari shi ne zafin jiki. Yawancin funfuna ba ta iya rayuwa a ɗumi irin na jikin mutum. Kaɗan ce ke iyawa, musamman ta juji, domin ta saba da zafin taki.

Dalili na biyu, Allah ya yi mana dogarai a cikin jiki, watau fararen ƙwayoyin jini. A shekarar 1884 wani masani mutumin Rasha, mai suna Metchnikoff, ya sa wani ɗan ƙwaron ruwa a madubin likita. Ya ga funfuna ta shiga jikin ƙwaron, ya kuma ga ƙwayoyin jininsa sun taru suna haɗiye ta. Abin da ke faruwa a jikinmu ke nan.

Dogaran nan iri iri ne. Akwai masu gadin huhu. Da irin funfuna ya sauka, sai su haɗiye shi su narkar. Idan ya kuɓuce musu, sai ya tsiro, ya yi zare mai tsawo wanda ya fi ƙarfin haɗiya. Sa'an nan wata runduna ta fito daga jini da gaggawa. Su manne wa zaren, su zuba masa dafi. Waɗansunsu har fashewa su ke yi, su bar wani abu kamar koma ya kama shi. Akwai kuma 'yan aike, masu ɗaukar guntun funfunar su kai kaluluwa. Can ne manyan yaƙi su ke, waɗanda likitoci ke kira CD4. Su ba su haɗiyar kome, umurni su ke bayarwa, su ƙara wa sauran ƙarfi. Abin da ya gagara kashewa, sai a kewaye shi da ganuwa a tsare.

Amma idan dogarai suka raunana, funfuna sai ta ratsa huhu ta shiga jini. Akwai wata da ke zama a kashin tattabaru. Tana da riga mai santsi. Ko an haɗiye ta ba lalle ta mutu ba, har takan bi jini ta kai ƙwaƙwalwa, ta kawo ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya. Masu cutar ƙanjamau ta fi kamawa, domin cutar manyan yaƙin nan ta ke cinyewa. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa funfuna iri 19 masu haɗari, ta sa wannan da ta juji a sahun gaba.

Ciwon suga da maganin ciwon daji su ma suna raunana dogarai. Haka ƙwayoyin nan irin su dexamethasone, da waɗansu ke saya a kemis don su yi ƙiba. Wannan ganganci ne babba. Wanda kuma ya taɓa yin tarin tibi, yakan warke da rami a huhu, funfuna ta sami ɗaki.

Saboda haka mai irin waɗannan larurori kada ya share akurkin tattabaru ko ya kwashe taki. Sauranmu mu yayyafa ruwa kafin shara, mu ɗaure hanci da ƙyalle in za mu shiga rumbu. Wanda ya gama shan maganin tibi, amma tari da jini da rama ba su bar shi ba, ya koma asibitin Jega ko na Aliero, ya roƙi a duba ko funfuna ce. Maganin tibi ba ya kashe ta, maganinta dabam ne, kuma akan yi watanni ana shansa.