Kyuba da Amurka: Faɗan da Ya Faro Daga Gonar Rake

Kowace shekara gwamnatin Amurka tana rubuta cek na dala 4,085 ta aika wa Kyuba, kuɗin hayar gaɓar Guantanamo inda take da sansanin sojojin ruwa tun 1903. Kyuba kuwa ba ta kai shi banki. Tun hawan Fidel Castro sau ɗaya tak aka karɓi kuɗin, shi ma daga baya ya ce bisa kuskure ne. A ganin gwamnatin Kyuba, wanda ya kafa sansani da ƙarfin bindiga bai cancanci a kira shi ɗan haya ba.

Kyuba tsibiri ne mai mutum wajen miliyan 10, kuma tsakaninsa da jihar Florida bai wuce kilomita 150 ba. A 1898 Amurka ta shiga yaƙin da mutanen tsibirin suke yi da Sifaniya, aka kori Sifaniyawa, sai mai taimako ya zama mai gida. An cusa wa kundin tsarin mulkin sabuwar ƙasar wani sharaɗi a 1901 da ya ba Amurka damar shigowa da soja duk lokacin da ta ga dama. Kafin shekarun 1950 manyan gonakin rake, wutar lantarki, tarho da matatun mai yawanci suna hannun kamfanonin waje, akasari na Amurka. Mai saran rake kuwa aikinsa na 'yan watanni ne, in an gama girbi sai zaman jiran shekara.

Fulgencio Batista ya ƙwace mulki a Maris 1952. Ranar 26 ga Yuli 1953 wani matashin lauya, Fidel Castro, ya kai hari barikin Moncada a Santiago, bai yi nasara ba, aka ɗaure shi. Da aka yi masa afuwa a 1955 sai ya tsallaka Meziko, inda ya haɗu da likitan nan ɗan Ajantina, Che Guevara. Su 82 suka dawo a wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Granma a Disamba 1956. Sojoji suka tarwatsa su, 'yan kaɗan da suka tsira suka haye duwatsun Sierra Maestra suka shiga yaƙin sunƙuru. Ranar 1 ga Janairu 1959 Batista ya cika wandonsa da iska.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, a lokacin Castro bai kira kansa ɗan gurguzu ba. Har Amurka ya je a Afrilu 1959. Shugaba Eisenhower ya tafi wasan golf, ya bar shi da mataimakinsa Nixon. Wutar ta tashi ne a kan ƙasa da sukari. A Mayu aka yi dokar da ta taƙaita gonar mutum ɗaya a kusan hekta 400, aka raba wa manoma wani ɓangare na rarar, gwamnati ta riƙe sauran, dokar kuma ta ci gonakin kamfanoni irin su United Fruit. A 1960 Kyuba ta sayo ɗanyen mai daga Tarayyar Sobiyet, matatun Esso da Texaco da Shell suka ƙi tacewa, gwamnati ta ƙwace su. Eisenhower ya soke sayen tan 700,000 na sukarin Kyuba, Moskow ta ce a kawo ta saya. Castro ya ƙwace sauran kadarorin Amurkawa. Kowa ya rama, sai ɗayan ya ƙara, har aka yanke hulɗar jakadanci a Janairu 1961. Ko Castro ya daɗe da aƙidar a zuci, ko tura ce ta kai shi bango, masana tarihi na ta musu. Ni dai ina ganin duk wata ƙofa da Washington ta rufe, Moskow na tsaye a bakin wata.

Sai ranar 16 ga Afrilu 1961 ya fito fili ya ce juyin na gurguzu ne. Washegari 'yan gudun hijira kusan 1,400 da hukumar leƙen asiri ta CIA ta horar suka sauka a gaɓar Playa Girón don kifar da shi. Cikin kwana uku aka gama da su, fiye da dubu suka shiga hannu, aka fanshe su da abinci da magani na dala miliyan 53. A Fabrairu 1962 Shugaba Kennedy ya ƙaƙaba cikakken takunkumin ciniki. A Oktoba jirgin leƙen asiri ya hango makamai masu linzami na nukiliya da Sobiyet ta girke a tsibirin, duniya ta yi kwana 13 ciki ya ɗuri ruwa. Shugaban Sobiyet Khrushchev ya kwashe makamansa, Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, ta kuma janye nata daga Turkiyya a asirce. Ba a ko nemi shawarar Castro ba, aka yi masa aski ba ya nan.

A cikin gida juyin ya yi abin a zo a gani, ya kuma yi abin Allah wadai. Yaƙi da jahilci na 1961 ya kai karatu ƙauyukan da ba su taɓa ganin malami ba, asibiti ya zama kyauta, har likitocin Kyuba suka zo Saliyo da Laberiya da Gini lokacin Ebola a 2014. Amma jam'iyya ɗaya ce tilo, jarida ta gwamnati ce, an harbe ɗaruruwa bayan shari'ar gaggawa a farkon mulkin, mai suka kuwa gidan yari. A 1980 kaɗai mutum kusan 125,000 suka fice ta tashar Mariel.

Afirka ma ta shiga lissafin. Da Kyuba ta aika dakaru Angola a 1975 don mara wa ƙungiyar 'yan gwagwarmaya ta MPLA baya a kan sojojin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, Najeriya ƙarƙashin Janar Murtala Muhammed ta amince da gwamnatin MPLA, ta yi fatali da wasiƙar matsin lamba da Shugaba Ford na Amurka ya aiko. Ba banza ba Mandela ya ziyarci Kyuba a 1991 don godiya.

A wannan shekarar Tarayyar Sobiyet ta wargaje, mai da tallafi suka tsaya, tattalin arzikin Kyuba ya zube da kusan kashi ɗaya cikin uku. Maimakon sassauci, majalisar Amurka ta ƙara ɗaure takunkumin a 1992 da 1996, da zaton gwamnatin ta kusa faɗuwa. Ba ta faɗi ba. Tun 1992 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya yake kaɗa ƙuri'ar neman a ɗage shi, kusan kowace shekara, da gagarumin rinjaye. Takunkumin ya gallabi talaka mai layin burodi, ya kuma ba masu mulki abin fakewa da shi, ko da gazawar tasu ce.

Obama ya sake buɗe ofishin jakadanci a 2015, ya je Havana a Maris 2016, shugaban Amurka mai ci na farko da ya taka birnin tun 1928. Fidel ya rasu a Nuwamba na shekarar, Trump ya zo ya warware yawancin abin da aka ƙulla. A Yuli 2021 dubban mutane suka fito kan tituna saboda yunwa da ɗauke wuta, gwamnatin Miguel Díaz-Canel ta kama ɗaruruwa. Daga nan dubban ɗaruruwa suka tattara nasu ya nasu suka bar tsibirin, mafi yawansu kuma Amurka suka nufa.