Babu Zinariya a Cikin Mutum-mutumin Yumɓu

Wannan jita-jita ta ishe ni. Da zarar damina ta zaizaye ƙasa a kudancin Kaduna, ko masu haƙar ma'adinai a Zamfara da Katsina sun ci karo da wani kan mutum na gasasshen yumɓu, sai maganar ta taso: wai mutanen da sun ɓoye zinariya a ciki, shi ya sa idan ka ƙwanƙwasa za ka ji kogo ne. Wasu su ce zaiba ce a ciki. Wasu kuma su rantse ba hannun ɗan Adam ya yi shi ba, aikin aljanu ne. Ƙarshenta a ɗauko guduma a rotse abin da ya kwana a ƙasa fiye da shekara 2,000, a tarar ba komai sai turɓaya da saiwar ciyawa.

Hanyoyin fitar da siffa tun zamanin da ba su da yawa. Akwai sassaƙa, inda ake rage dutse ko itace har siffar ta fito. Da ita Michelangelo na Italiya ya fitar da mutum-mutumin Dauda daga farin dutse tsakanin 1501 da 1504, da ita kuma aka sassaƙa kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya gano a Yobe a 1987, wanda ya kai kimanin shekara 8,000. Akwai zubi, na narkakken ƙarfe. Sai kuma gini da yumɓu, wanda shi ne maganarmu.

A 1928 aka fara tono irin waɗannan siffofi a wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙaramar hukumar Jaba ta yau. A 1943 wani kai da aka samu a yankin Jama'a, wanda har an kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye, ya isa hannun wani Bature mai suna Bernard Fagg a Jos. Shi ya lura cewa salon ɗaya ne da na farko, ya sa wa al'adar sunan Nok, ya kuma kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Masu bincike na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt, waɗanda suka fara tono a yankin tun 2005, sun nuna cewa mutanen sun zauna a wurin tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma sun fara gina siffofin wajen shekara 900 kafin haihuwarsa.

To me ya sa cikinsu kogo ne? Ba sai ka je Jamus ba, tambayi duk wata maginiyar tukwane a ƙauyenku. Yumɓu mai kauri ba ya gasuwa lafiya. Bayansa zai bushe, cikinsa na riƙe da laima. Wuta na kama shi laimar ta zama tururi, ta rasa mafita, abin ya tarwatse. Maginan Nok sun san wannan sarai. Sukan murza yumɓu ya yi tsawo, su riƙa ɗora shi zagaye kan zagaye kamar yadda ake tayar da randa, su bar ciki fayau. Sukan cuɗa yumɓun da dakakkiyar tsakuwa don ya jure zafi, shi ya sa fatar siffofin take da kaushi a yau, bayan lallausan yumɓun da aka shafe su da shi ya zaizaye. Idan ya ɗan sha iska sai su bi da kaifi su fitar da kitso, da gemu, da duwatsun wuya, da idon nan mai kusurwa uku. Hujin da kake gani a ƙwayar ido da hanci da baki da kunne, ado ne kuma mafitar tururi ce. Ka gaya mini, wane mai hankali ne zai ɓoye dukiyarsa a ma'ajiyar da aka huda ta ko'ina?

Zancen zaiba ya fi ban dariya. Zaiba tana tafasa a zafin digiri 357, gashin yumɓu kuwa sai ya haura digiri 600 kafin ƙasa ta zama kasko. Ko an zuba ta, da tuni ta bi hayaƙi. Abin da masu tono na ilimi suke samu tare da siffofin sananne ne: fasassun tukwane, duwatsun niƙa, gawayi, ƙwayoyin gero da wake da suka ƙone, har da alamar kakin zuma a jikin tukwane. A Taruga, kusa da Abuja, an samu wuraren narka tama. Manoma ne da maƙera, ba su bar mana buhun zinariya ba.

Masu cewa aljanu kuwa, ba su san suna maimaita rainin da wani Bature ya yi mana ba. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya ga kawunan Ife, kyansu ya ruɗe shi, sai ya ce ai ragowar wata ɓatacciyar ƙasa ce mai suna Atlantis, don a ganinsa baƙar fata ba zai iya ba. Shi ya jingina wa baƙi, mu mun jingina wa aljanu. Alhali dabarar zubin da ake yin irinsu da ita ba ɓoyayya ba ce: a gina siffa da yumɓu, a lulluɓe ta da kakin zuma, a zana komai a kan kakin, a sake rufewa da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya tsiyaye, a ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Da haka aka yi kayan Igbo-Ukwu a wajen ƙarni na 9, da haka aka yi na Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Muna ta kuka a dawo mana da waɗancan, na hannunmu kuma muna farfasawa. Wannan wace irin rayuwa ce?

Na san akwai talauci, akwai dillalai masu yawo da kuɗi, akwai sakacin hukuma. Amma ka dubi manoman Sin da suka tono sojojin yumɓu kusa da birnin Xi'an a 1974 suna haƙar rijiya. An sanar da hukuma, yau duniya ke tururuwa zuwa wurin.

Idan ka ci karo da irin wannan a gona ko a rami, abu na farko ka dakata da haƙa. Kada ka fizgo shi. Darajarsa ga masu bincike ba a jikinsa kaɗai take ba, tana cikin inda yake kwance, da zurfin da yake, da abin da ke kewaye da shi. Ɗan gawayin da za ka watsar da shebur, da shi ake auna shekarun wurin. Wani zai ce ai dama yawancinsu a karye ake samun su. Gaskiya ne, amma yadda gutsattsarin suke jere a ramin shi kansa bayani ne, kuma da ka tattara su a buhu ya tafi ke nan.

Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai, na kusa da na nesa, yadda za a ga wata bishiya ko dutse da za a gane wurin da shi. Ka mayar da ƙasa mai laushi ka rufe, don rana da ruwa da kofaton shanu. Idan ya riga ya fito, kada ka wanke shi da ruwa, kada ka kankare shi da wuƙa, kada ka shafa masa mai ko fenti, kada ka liƙa karyayyun da gam. Ka naɗe kowane guntu daban a tsumma mai tsabta, ka ajiye a inuwa inda yara ba za su kai ba. Kada ka sa hoton a Facebook ko WhatsApp da sunan ƙauyen, domin kafin jami'i ɗaya ya iso, masu haƙar dare sun mayar da gonarka rijiyoyi.

Sai ka sanar da mai unguwa ko dagaci, a kai magana gidan tarihi mafi kusa, na Kaduna ko Jos ko Gidan Makama a Kano. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izini ba. Tun shekarar 2000 kuma majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa siffofin Nok da na Sakkwato da Katsina, har da na Bura a Nijar, cikin jerin kayan da ake gargaɗin kada kowa ya saya. Dillalin da ya ba ka 'yan dubbai ya san wannan, shi ya sa ba ya zuwa sai da dare, kuma ranar da asiri ya tonu sunanka zai fara ambata.

Wanda kuma yake ƙyamar abin don yana ganin gunki ne, ba wanda ya ce ya ajiye shi a ɗakinsa. Ya bar shi inda ya gan shi, ya aika yaro ya kira dagaci.