Tausa Ga 'Yan Kokawa: Inda Take Amfani Da Inda Take Cutarwa

Da zarar kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu, sai hankalin samarinmu na Madekali ya koma dandalin kokawa. Haka abin yake a Malanville da tsallaken kogi, wajen Gaya da Dosso. Tun shekarar 1975 da aka fara gasar takobi ta ƙasar Nijar a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, kowane yaro mai ji da ƙarfi burinsa ya kai can. Issaka Issaka na Dosso, wanda ya ɗauki takobin sau da dama, ya ƙara musu wannan ƙaimi.

To, bayan an tashi daga fage kowa ya san abin da ke biyo baya: a shimfiɗa tabarma, a kawo man kaɗanya, a shiga tausa. Ko tana aiki kuwa?

A shekarar 2020 waɗansu masana na jami'ar Sheffield ta ƙasar Ingila sun tattara bincike 29 da aka yi a kan 'yan wasa. Ba su ga alamar tausa tana ƙara ƙarfi ko gudu ko tsalle ba. Abin da suka gani shi ne tana ɗan rage tsamin jikin nan da ke kama mutum kwana ɗaya zuwa uku bayan wahala, kuma tana ɗan saki gaɓoɓi. A ganinmu wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai sake kamawa gobe da yamma. Amma ƙarfin kayar da abokin karawa, wannan kam sai horo da abinci da isasshen barci.

Inda muke so iyaye da masu horarwa su buɗe kunne shi ne wajen sabon rauni. In yaro ya yi targaɗe, ko gwiwar wani ta daki cinyarsa har wurin ya kumbura, jini ne ke tsattsafowa a cikin tsoka. Murza wurin da ƙarfi, ko yi masa gashi da ruwan zafi a kwana biyu ko ukun farko, ƙara zubar jinin yake yi. A cinya ma jinin da ya kwanta yakan daskare har ya zama kamar ƙashi cikin nama, yaro ya yi watanni yana ɗingishi. Abin yi a lokacin shi ne a huta, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora kamar minti 15 zuwa 20, a ɗaure wurin sako-sako, a ɗaga ƙafar sama. Tausa mai sauƙi sai kumburi ya saɓe.

Masu ɗorinmu sun gaji sana'arsu, ba mu raina ta ba. Sai dai hannu ba ya ganin tsagewar ƙashi. In yaro ya kasa taka ƙafa, ko gaɓa ta karkace, ko yatsu sun yi sanyi sun dena ji, a ɗauke shi a kai asibitin Malanville likita ya duba kafin kowa ya sa masa hannu.