Shuka Lalle a Ƙasar Gadarif

Umm Rakuba ƙauye ne a jihar Gadarif, gabashin Sudan, wajen iyakar Habasha. A Larabcin Sudan, "rakuba" rumfa ke nan. Duniya ta san wurin ne saboda sansanin 'yan gudun hijirar Tigray da aka sake buɗewa a 2020. Ƙasar yankin baƙar laka ce ta noman dawa da riɗi, kuma Hausawa sun daɗe a jihar, tun zamanin da ake zuwa Makka da ƙafa.

Lalle, wanda Larabawa ke kira hinna, yana son zafin irin wannan wuri. Matsalar ita ce lakar. Da damina takan riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, da rani kuma ta daddare. Don haka mai son lalle a gida sai ya gauraya ƙasar da yashi da taki, ya ta da kunya, ya yanko reshe ya dasa a farkon damina. Ana shuka iri ma, amma sai an jiƙa shi kwanaki saboda taurinsa.

Ganyen aka fi sani, saboda ƙunshi. Furannin kuwa ƙanana ne, farare ko masu ɗan ja, ƙamshinsu na cika tsakar gida, har turare ake yi da su. Sai dai wanda ke yawan yanke rassa don ganye ba zai ga fure sosai ba. In ana ba shi ruwa da rani, lalle yana zama kore. In ƙishirwa ta dame shi sai ya kaɗe ganye, ya jira damina.