Daga Ina Kalmar "Kurtu" Ta Fito?

Duk saurayin da ya tashi daga Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya nufi makarantar horon sababbin sojoji ta Zariya, wadda aka kafa a 1924, sunansa kurtu har ranar da ya gama horo. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka kalmar Hausa ce tsantsa. Ba mamaki, tunda ga kurtun tawada na almajirai. Amma babu dangantaka tsakanin su biyun, kama ce kawai ta lafazi.

Kurtun soja daga Ingilishi muka aro shi, wato daga "recruit". Harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon gaɓa, ba ya kuma son kalma ta ƙare da baƙi. Sai ya yar da gaɓar farko, ya raba "k" da "r" da wasali, ya ƙara wani a ƙarshe. Haka aka yi wa kofur da samanja da hafsa a bariki.

Su ma Turawan Ingila aro suka yi daga Faransanci a ƙarni na 17. Tushen kalmar a Latin "recrescere" ne, ma'anarsa sake tsirowa, kamar yadda kututturen da aka sare yake yin toho da damina. Wato ke nan kurtu shi ne sabon tsiron da zai maye gurbin wanda ya faɗi. Akwai kuma "enlist", wadda ba ta da wannan nauyi. Ita dai sanya suna ne cikin jeri.

Wannan ma'ana ta farko ba wasa ba ce. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, lokacin da waɗannan garuruwa uku ke cikin Lardin Sakkwato, gwamnatin mulkin mallaka ta dogara ga sarakuna da hakimai su samo mata samari, wasu da son ransu, wasu ba da shi ba. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a dazuzzukan Bama, kuma kullum ana bukatar masu cike gurbi.

A bakin Bahaushe kuwa kalmar ta yi sauƙi. Akwai kurtun ɗan sanda, kuma duk sabon shiga a sana'a, wanda hannunsa bai faɗa ba, ana iya yi masa ba'a da kurtu.